Tsibirin Heard: wutar ce ta ƙaru, ko masu kallo?

Duk wanda ya buɗe jerin shekarun da aka rubuta cewa dutsen Big Ben na tsibirin Heard ya yi aman wuta, abu ɗaya zai fara tsone masa ido. Daga 1853, shekarar da aka fara ganin tsibirin, har zuwa 1949, rahoto biyu ne kacal: na 1881, wanda shi ma ana tababa a kansa, da na 1910. Sai ga wasu a jere tsakanin 1950 da 1954, sannan shiru na shekara 30. Daga 1985 kuma abin ya riƙa zuwa kusa-kusa: 1985 zuwa 1987, 1992, 1993, 2000 zuwa 2001, 2003 zuwa 2004, 2006 zuwa 2008, kuma tun 2012 dutsen bai sake yin dogon hutu ba. In aka miƙa wa ɗalibin ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai wannan jeri aka ce ya zana shi, layi zai gani yana hawa, ya ce wutar ƙaruwa take yi. Wannan maganar ce za a ɗora a ma'auni a nan. Darasin ya shafi masu aiki da hotunan tauraron ɗan'adam a ƙasarmu kai tsaye, don na'urar da ke gano wutar Heard ita ce dai ke gano gobarar daji a makiyayun arewacin Tawa.

Wurin da abin da ke ƙarƙashinsa

Heard yana kudancin Tekun Indiya, a digiri 53 kudu da digiri 73 da rabi gabas. Tsakaninsa da birnin Perth na Ostareliya kimanin kilomita 4,100 ne, wato ya ɗara nisan Yamai zuwa Paris. Faɗinsa murabba'in kilomita 368, kuma ƙanƙara ta rufe mafi yawansa. Kusan tsibirin gaba ɗaya dutse ɗaya ne, Big Ben, wanda ƙololuwarsa, Mawson Peak, ke da tsayin mita 2,745 a taswira. Idoukal-n-Taghès na Bagzan, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijar, mita 2,022 ne. Kyaftin John Heard, Ba'amurke, shi ya hango tsibirin a watan Nuwamba 1853. A Janairu 1854 Kyaftin William McDonald ya ga wasu ƙananan tsibirai kimanin kilomita 43 yamma da shi, aka sa musu sunansa. Ostareliya ce ke riƙe da su tun 1947, UNESCO kuma ta sa su cikin wuraren gadon duniya a 1997. Babu wanda ke zaune a can.

Tsibiran kawunan wani ƙaton tudu ne da ke nutse cikin teku, tudun Kerguelen, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya, kusan girman Nijar. Narkakken dutse ne ya gina shi, wanda ya fara kwararowa da yawa tun kimanin shekara miliyan 120 da suka wuce. Jiragen haƙar ƙarƙashin teku sun ciro gawayi da guntayen itace daga jikinsa, shaidar cewa wasu sassansa sun taɓa zama tudu mai daji kafin su nutse. Mafi yawan masana suna danganta wutar da wani ginshiƙin zafi mai tasowa daga can cikin ƙasa. A Hawai ɓawon ƙasa yana zamewa a kan irin wannan zafi da saurin santimita 7 zuwa 10 a shekara, shi ya sa tsibiran can suka jeru kamar an ja layi. Ɓawon Antatika kuwa da ƙyar yake motsi, saboda haka wutar ta daɗe tana tara dutse a yanki ɗaya.

Duwatsun Heard hawa uku ne. Na ƙasa farin dutse ne irin na siminti, wanda ya taru daga ɓawon ƙananan halittun teku a zamanin Eosin zuwa Oligosin. Yana leƙowa a gefen zirin Laurens, arewa maso yammacin tsibirin, kuma daga baya narkakken dutse ya kutsa tsakanin shimfiɗunsa ya daskare. Wanda ya san farin dutsen Malbaza da burbushin halittun teku da ke cikin duwatsun Adar ya san irin labarin: ƙasa ce da teku ya taɓa rufewa. A kansa akwai rukunin Drygalski, mai kaurin mita 300 zuwa 350, na ƙarshen Miyosin zuwa Piliyosin. Cikinsa akwai laba (narkakken dutsen da ya malalo waje) mai curi-curi, wadda sai cikin ruwa take daskarewa a haka, da tarwatsattsun gilasan dutse, da tarkacen da ƙanƙara ta jawo. Hawa na uku shi ne sabuwar laba, wadda ba ta kai shekara miliyan ɗaya ba, ita ce ta gina Big Ben da dutsen Dixon na zirin Laurens. A wani lokaci gefen kudu maso yammacin Big Ben ya zabtare, Mawson Peak ya tsiro a wannan giɓi. Wannan ne ya sa laba ta yau take yawan gangarawa ta kudu maso yamma, kan kogin ƙanƙara na Gotley. A riƙe wannan, don zai dawo.

Labar Big Ben basanit ce da basal mai yawan sodiyom da fotasiyom. Silika a cikinta kaɗan ce, kashi 40 da wani abu cikin ɗari, tana fitowa da zafin da ya haura digiri 1,000. Ta McDonald fonolit ce, mai silika wajen kashi 55 zuwa 60. Asalinsu kusan ɗaya ne, bambancin zama ne: in magma, wato narkakken dutsen da bai fito waje ba, ta daɗe a ɗaki ƙarƙashin ƙasa tana hucewa, ƙwayoyin olibin da firoksin suna daskarewa su nutse, su tafi da ƙarfe da magneziyom, abin da ya rage ya yi kauri. Ta Big Ben kunu ce, tana malala. Ta McDonald tuwo ce, tana taruwa a bakin rami ta yi tulluwa, in iskar gas ta matsa ta tarwatse ta zama toka da dutsen kumfa. Ba sai an je Tekun Indiya ba kafin a taɓa waɗannan duwatsu da hannu: a filin Todra na kudancin Abzin akwai tsofaffin tulluwan tarakit da fonolit wajen 30 da ƙananan duwatsun basal wajen 130.

Su wa ke wurin ranar da aka ga wutar

Yanzu a ɗauko jerin shekarun nan a ajiye shi gefen jerin mutanen da suka je tsibirin. Daga 1855 zuwa farkon shekarun 1880 mafarauta ne ke zama a bakin teku, suna yanka manyan dabbobin ruwa masu kitse suna narka mai. Rahoton 1881 daga ƙarshen zamaninsu ya fito. Ba aikinsu ba ne rubuta abin da ƙololuwa ke yi, kuma galibi ma ba sa ganinta. Na 1910 daga mutanen jirgin ruwa ne. Daga Disamba 1947 zuwa 1955 Ostareliya ta riƙe tashar bincike a Atlas Cove, da ma'aikata rani da damina, kuma a daidai wannan tsakanin ne rahotannin 1950 zuwa 1954 suka faɗo. Aka rufe tashar, jerin ya yi shiru. A shekara 30 da suka biyo baya sai gajerun ziyarori, ciki har da ta ƴan hawan da suka fara taka Mawson Peak a Janairu 1965. A Janairu 1985 mutanen jirgin Faransa Marion Dufresne suka ga laba tana gangarowa, sannan ayarin Ostareliya suka riƙa zuwa a shekarun da suka biyo, aka samu rahotanni har 1987. Mutum biyar sun shekara a Spit Bay daga farkon 1992 zuwa farkon 1993: ga 1992 da 1993 a jeri. An yi manyan ayari a 2000/2001 da 2003/2004: ga su nan su ma. A Disamba 1999 aka harba tauraron Terra ɗauke da na'urar MODIS mai hango zafi daga sama, aka bi shi da Aqua mai irin wannan na'ura a 2002, kuma tun daga nan kusan babu daren da ba a leƙa tsibirin daga sama ba.

Jerin biyu sun hau kan juna fiye da yadda za a ce dace ne. Kuma ko a shekarun da mutane ke wurin, ganin nasu rabi-rabi ne. Atlas Cove yana arewa maso yamma, fiye da kilomita 10 daga ƙololuwa, laba kuwa tana bin gefen da jikin dutsen ya kare musu. Ana samun ruwa ko ƙanƙara wajen kwana uku cikin huɗu, hasken rana a tashar bai kai awa biyu a yini ba in aka raba. Abin da suka fi rubutawa shi ne jan haske a gindin gajimare da dare, da hayaƙi ranar da sama ta washe.

McDonald, inda ƙasa ta bar shaida

Tsibirin McDonald ya ba da gwaji mai kyau, don a nan an samu canjin da ba ya bukatar mai kallo. An fara sauka a kansa da jirgi mai saukar ungulu a 1971, aka auna shi aka yi taswira a 1980. A lokacin ana ɗaukarsa dutsen da ya kwanta tun dubban shekaru. Adadin da aka fi ambata shi ne 75,000. A Disamba 1992 dutsen kumfa sabo fil ya cika wasu gaɓoɓin Heard. Igiyar teku a wannan yanki daga yamma take zuwa gabas, McDonald kuma yana yamma, amma wannan kaɗai bai isa hujja ba. Dutsen kumfa matafiyi ne: wanda ya fito daga ƙarƙashin teku kusa da tsibiran Sandwich ta Kudu a 1962 ya yi ta yawo har gaɓar Ostareliya da Niyuzilan. Abin da ya raba gardama shi ne awon sinadari. Na Sandwich mai yawan silika ne da ƙarancin sodiyom da fotasiyom, wanda aka tsinta a Heard kuwa fonolit ne irin na McDonald, kuma bai yi kama da labar Big Ben ba.

A 1997 jirgin da ya ratsa ya ga tururi yana tashi daga arewacin tsibirin. Hoton tauraro na Nuwamba 2001 ya nuna abin da ba wanda ya zata: faɗin tsibirin ya tashi daga murabba'in kilomita 1.13 zuwa kimanin 2.45, tsibirin Flat da a da ruwa ya raba su ya haɗe da shi, wuri mafi tsayi ya koma arewa ya kai wajen mita 230, ciyayi da yawa sun mutu. An sake ganin alamar aman wuta a 2005. Abin lura shi ne babu wanda ya ga ranar da mafi yawan wannan ƙasa ta fito. Tsibiri ya ninka kansa ba mai shaida. To amma taswirar 1980 da hoton 2001 awo ne na ƙasa, ana iya ɗora ɗaya kan ɗaya, saboda haka ana iya cewa McDonald ya farka ba tare da shakka ba.

Big Ben bai ba da irin wannan sauƙi ba. Labarsa siririya ce, tana sauka kan ƙanƙara, ta narka hanya ta nutse ciki, sabuwar ƙanƙara ta rufe ta cikin ƴan watanni, kogin ƙanƙarar ya ɗauke tarkacen ya yi ƙasa da shi. Aman wutar da ba a gani ba a 1930, da wuya a same shi a ƙasa yau. Awon shekaru ma ba ya ceto. Fotasiyom-40 da ke cikin dutse sai ya shekara biliyan 1.25 kafin rabinsa ya rikiɗe, wani ɓangare ya zama argon, don haka labar da ba ta wuce ƴan ɗaruruwan shekaru ba argon ɗin da ta tara bai taka kara ya karya ba, argon na iska (kashi 0.93 cikin ɗari) yana shanye shi. Awon kabon-14 yana son gawayi ko ruɓaɓɓen tsiro da laba ta danne, Heard kuwa ba bishiya ko ɗaya, ciyawa da gansakuka ne a ƙasa-ƙasa kusa da teku.

Yadda tauraro ke gane wuta, da lissafinsa

Kowane abu mai ɗumi yana fitar da haske, kuma zangon da hasken ya fi ƙarfi ana samunsa ta raba 2,898 da zafin abin a ma'aunin Kelbin. Laba mai digiri 1,100 (Kelbin 1,373) tana haskawa sosai a wajen mikiromita 2.1, ƙanƙara a wajen 10.6. MODIS tana da tashoshi, wato zangunan hasken da take aunawa daban-daban, a mikiromita 3.96 (ta 21 da ta 22) da 12.02 (ta 32), kowane ɗigon hoto kilomita ɗaya ne a kan kilomita ɗaya in an kalli wurin daga kai tsaye. Tsarin MODVOLC na Jami'ar Hawai yana ɗebe hasken tasha ta 32 daga na ta 22, ya raba da jimillarsu. In sakamakon ya haura -0.80 da dare, sai ya yi alamar wuta.

Ga yadda lissafin ke fita da dokar Planck, mai ba da yawan hasken da abu ke fitarwa gwargwadon zafinsa. A ɗauki ɗigon da ƙanƙara mai digiri 10 ƙasa da sifili ta cika. Haskensa a 3.96 kimanin 0.12 ne, a 12.02 kuma 5.06, sakamako -0.95. A zuba masa laba mai digiri 1,000, mita 20 a kan mita 50, wato kashi ɗaya cikin dubu na ɗigon. Tasha ta 22 ta yi tsalle zuwa 7.6, ta 32 da ƙyar ta motsa zuwa 5.4, sakamako ya koma +0.17. Nan ƙarfin hanyar yake: ɗan ƙaramin abu mai tsananin zafi yana cika tasha ɗaya ya bar ɗayar. In aka juya lissafin, kimanin murabba'in mita 60 na irin wannan laba sun isa a tsallake -0.80, in sama garau take. Amma laba ba ta daɗewa tsirara. Tana yin ɓawo cikin mintoci, kuma in ɓawon ya huce zuwa digiri 300, sai an samu wajen murabba'in mita 2,100 kafin na'urar ta ce uffan. Tafkin laba da ya lafa a ƙasan rami mai zurfi, ko laba mai bin rami ƙarƙashin ɓawonta, duk suna iya wucewa ba alama.

Masu aikin gobarar daji su lura da wani abu. Wannan iyaka ta -0.80 tana da fili sosai a Heard don ƙasar sanyi ce. A Tawa, ƙasa mai digiri 30 da dare tana ba da -0.85 ba tare da wuta ba; da tsakar rana a watan Afrilu, in yashi ya kai digiri 55, tana ba da -0.74, ta tsallake iyakar ko ashana ba a ƙyasta ba, tun kafin a ƙara hasken ranar da yashin ke mayarwa. Shi ya sa tsarin gano gobara yake kwatanta kowane ɗigo da maƙwabtansa maimakon dogaro da lamba ɗaya. Wanda ya kwafi iyakar wani wuri ya liƙa a wani, taswirar ƙarya zai buga.

Don ganin siffar labar kanta sai a koma tauraron Sentinel-2, wanda aka harba na farko a Yuni 2015, na biyu a Maris 2017. In biyu suna aiki tare, suna dawowa wuri duk kwana biyar. Hotunansa kyauta ne a shafin Copernicus Browser. A haɗa tasha ta 12 (mikiromita 2.19) a ja, ta 11 (1.61) a kore, ta 8A a shuɗi, duka ɗigon mita 20. Ƙanƙara tana shanye hasken 12 da 11, sai ta fito shuɗiya. Gajimaren ruwa fari. Laba ja, inda ta fi zafi ruwan lemo zuwa rawaya. Da irin wannan haɗi ne aka ga laba tana gangarowa daga Mawson Peak a hoton 25 ga Mayu 2023. An fi samun natsuwa da matakin 1C, wanda ba a yi masa gyaran iska ba, don gyaran ba a tsara shi domin ɗigo mai wuta ba. Cikakken fanni ɗaya yana cin ɗaruruwan megabait. Da tsadar intanet a Yamai, a yanke akwatin kilomita 20 kewaye da ƙololuwa, a sauke tashoshin nan uku kaɗai, a buɗe a manhajar taswira ta QGIS.

Inda aikin ke ɓaci

Babban maƙiyi gajimare ne, kuma yana cuta ta hanya biyu. Yana rufe wuta, sannan yana kwaikwayon hayaƙi. Iskar yamma mai ƙarfi in ta ci karo da dutse mai mita 2,745 a tsakiyar teku, tana hawa ta huce ta yi gajimare a bayan ƙololuwa, ya miƙe gabas kamar daga bakin ramin yake fitowa. Hotuna da yawa na Heard suna nuna wannan jela, wani lokaci har da jerin murɗaɗɗun gajimare a bayan tsibirin. Kafin a rubuta "hayaƙi", a nemi ɗaya cikin uku: ɗigo mai zafi a tushen jelar, baƙin zanen toka a kan farar ƙanƙara ta gefen da iska ta bi, ko iskar sulfa a awon na'urar TROPOMI mai auna iskar gas, wadda ke sama tun 2017. In babu ko ɗaya, gajimare ne har sai an samu wata shaida.

Sai zamewar wuri. MODIS tana share faɗin kilomita 2,330 a wucewa ɗaya, a gefen sharar ɗigon yana kumbura ya kai wajen kilomita 2 a kan 4.8, wutar ta narke cikinsa. In kuma an kalli ƙololuwar a karkace da digiri 45 ba a gyara da taswirar tsayi ba, wutar za ta bayyana kusan kilomita 2.7 daga inda take. Mai gaggawa sai ya ce sabon baki ya buɗe a gefen dutse. A duba kusurwar kallo kafin a ce komai, a tara alamun dare da yawa a ga inda suka taru.

A Sentinel-2 matsalar daban ce. Da hantsi yake wucewa, kuma a watan Yuni rana a digiri 53 kudu ba ta haura digiri 14 sama da ƙasa ko da tsakar rana. Gefen kudu maso yamma, inda labar take, yana cikin inuwa, sanyayyar laba baƙa ba ta rabuwa da inuwar dutse. Ɗigo mai tsananin zafi kuma yana cika na'urar ya zubo kan maƙwabta, har ya yi siffar gicciye. Saboda haka tsawon laba abin aunawa ne, faɗinta ba abin dogaro ba: malalar da ba ta wuce mita 10 ba tana iya fitowa ɗigo uku. Tsawon ma a gyara shi da gangara. Mita 1,000 a hoto kan gangaren digiri 30 mita 1,155 ne a ƙasa.

Kuskuren da ya fi duka tsada shi ne rubuta ranakun da aka ga wuta kaɗai. Kowace wucewar tauraro tana da amsa uku: an ga zafi, sama garau ba zafi, ko gajimare ya rufe. In ba a rubuta biyun ƙarshe ba, ba a san da me za a raba ba. A ɗauka, don misali, laba tana haske kwana 10, kuma hoto ɗaya cikin huɗu ne ke nuna ƙololuwa. Tauraron Landsat guda mai dawowa duk kwana 16 zai kama ta sau 16 cikin ɗari. Sentinel-2 mai wucewa sau biyu a wannan tsakanin zai kama ta sau 44 cikin ɗari. Dutse ɗaya, hali ɗaya, rahoto ya kusan ninka uku daga 2017 don kawai an ƙara ido. Haka zai faru ga duk wanda ya jera ƙidayar gobarar Abalak ko Tchintabaraden ta shekaru 20 ba tare da ya duba wace na'ura ta ƙirga kowace shekara ba.

Hukuncin da shaidar ke ɗauka

A kan McDonald, canjin na gaske ne: dutsen da ya daɗe kwance ya tashi a farkon shekarun 1990 ya ƙara ƙasa. A kan Big Ben, jerin shekarun ba ya nuna ƙaruwa. Abin da yake nunawa shi ne kusan duk lokacin da aka samu ido mai ɗorewa, mutum ne ko na'ura, an ga wuta cikin ƴan shekaru. Karatun da ya fi sauƙi shi ne dutse ne mai buɗaɗɗen maƙogwaro, wanda magma ke tsayawa kusa da baki, wani lokaci ta yi tafki a ramin, wani lokaci ta zubo ta yi ɗaruruwan mita ko ƴan kilomita. Abin da masu binciken jirgin Investigator na Ostareliya suka gani da idonsu a farkon 2016, laba tana bin gefen Mawson Peak a kan ƙanƙara, ya dace da wannan. Shirun 1955 zuwa 1984 a rubuta shi "ba a duba ba", kada a rubuta "ya kwanta".

Akwai masu haɗa wutar da narkewar ƙanƙara. Gaskiya ne tsibirin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ƙanƙararsa tsakanin 1947 da 2019, kuma a Aislan aman wuta ya ƙaru bayan da ƙanƙara mai kaurin fiye da kilomita ta narke a ƙarshen zamanin sanyi. Amma asarar Heard ta fi yawa a ƙasa-ƙasa, a bakin kogunan ƙanƙara irin su Stephenson, nesa da ƙololuwa, kuma ba a dafa hujjar sanadi a kan ƙaruwar da ita kanta ba ta tabbata ba.

Wanda ke son gwada ƙaruwa da gaske yana da zare ɗaya mai tsabta: awon MODIS na dare daga 2000, na'ura iri ɗaya, iyaka ɗaya, a raba da yawan dararen da sama ta washe. Radar ta Sentinel-1, mai zangon santimita 5.6, tana ratsa gajimare da duhu, tana iya nuna sabuwar laba da canjin siffar rami, ko da yake jiƙaƙƙiyar ƙanƙara tana ɓata awon kumburin ƙasa. Zaren MODIS ɗin ma yana gab da ƙarewa, don Terra da Aqua sun tsufa kuma lokacin wucewarsu yana zamewa tun farkon shekarun 2020. Magajiyarsu VIIRS, wadda ke sama tun 2011, tana da ɗigon mita 375, ƙasa da kashi ɗaya cikin bakwai na filin da ɗigon MODIS ke rufewa, don haka tana kama wutar da MODIS ba ta ji. Kafin a haɗa jerin biyu, sai an ɗauki shekarun da suka yi aiki tare daga 2012, a ƙirga dare nawa VIIRS ta ga wuta MODIS ba ta gani ba, a yi gyara da wannan rabo.